Ɗorawa Ta Uku

Bana azumi ya sake faɗowa cikin damina. Jiya, ana gab da shan ruwa, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kwashe mini tabarmi a tsakar gida, jikokina kuwa suna ta mita wai an ɗauke wuta, ruwan firji bai yi sanyi ba. Na dube su kawai na yi dariya. Da ruwan ya sauko ƙasa ta tashi da wannan ƙanshin nata, sai hankalina ya koma wani azumin, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki.

A lokacin muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ni da Malam da 'ya'yanmu biyu ƙanana. Ni ina koyarwa a firamare, shi kuma sabon malami ne a tsangayar shari'a ta jami'a. Kada ku ji an ce jami'a ku ɗauka wata daula ce. Wani tsohon babur gare shi, wanda in ruwa ya taɓa shi sai an tura, sai kuma littattafai da suka cinye mana rabin ɗaki. Bayan gidanmu gonaki ne. In ka miƙa zuwa Tarauni, gero da dawa ne dama da hagu, ga shingen lalle, ga kuka da ɗorawa tsaye a tsakiyar gonaki. Inda adaidaita ke cunkoso yanzu, a da raɓa ce ke jiƙa wa mutum zani.

Azumin ya zo daidai lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Gero ya yi tsada, sukari kuwa sai wanda ya san wani. Da asuba ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka. Da yamma kunun tsamiya, da kwaɗon rama ko tafasa da nake tsinkowa a bakin gonaki, ƙosai sai ran Juma'a. Itace duk a jiƙe, in hura wuta har idona ya yi ja, hayaƙi ya cika gidan, ga ƙishirwa. In an kwana ana ruwa, da hantsi rana sai ta buɗe, ƙasa ta riƙa tururi, gumi ya riƙa bin bayan mutum ko yana zaune a inuwa. Kwanon ɗakinmu yana yoyo, mun jera kwanuka da tasoshi. Malam dai ya samo leda ya lulluɓe littattafansa tsaf, mu da katifarmu ko oho. A waje kuma motocin 'yan siyasa suna ta zagayawa da lasifika, kowa yana rantsuwa in ya ci zaɓe za a yi walwala da wadata.

Abokan aikinsa a lokacin duk zancen sabon tsarin mulki suke, wannan yana rubutu a kan majalisa, wancan a kan ikon gwamna. Shi Malam abin da ya ɗauko ya sa a gaba shi ne wai wa ke da itacen da ke tsaye a gonar wani. Na sha tsokanarsa.

"Malam, mutane suna can suna rabon ƙasa, kai ka ƙare a gindin bishiya?"

"Rabi, birni yana tahowa," in ji shi. "Gonakin nan duk fuloti za a yanka su. A nan kewayen, in an zo rabon gado, sau da yawa maza su ɗauki gona, a bar wa mata itatuwan da ke ciki. Ba a rubuce yake ko'ina ba. In dattawan nan suka ƙare ba a tattara ba, ranar da aka je kotu mata ne za su tashi a tutar babu."

Na ce Allah ya taimaka, na koma hura wutata. Ban san maganar za ta shigo mini har cikin gida ba.

Akwai wata tsohuwa 'yar Tarauni da ke kawo mana daddawa, Inna Hajjo. Gajera ce, baƙa, mai faɗa, in ka taya mata daddawa da araha sai ta rufe faifanta ta tashi. Mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki marayu, kuma duk da daddawar nan take ciyar da su. Ɗorawa uku gare ta a wata gona. Kowace bazara takan sa a kaɗe mata, ta fitar da kalwa, wato 'ya'yan da ake dafawa a yi daddawa, ta adana ta shekara tana yi. Ranar da ta zo a farkon azumin nan ba ta ko buɗe faifan ba, ta zauna a kan turmi ta ce mini an gama da ita.

Ashe gonar ta mahaifinsu ce. Da ya rasu aka ba wanta gonar, ita aka ba ta itatuwan. Wan ya rasu, ɗansa ya sayar wa wani Alhaji mai sayar da kayan gini, Alhajin kuma ya aiko mata cewa da an cire amfani zai sare itatuwan ya kafa gida. Ta kai ƙara kotun alƙali. Alhaji ya ce shi gona ya saya da duk abin da ke cikinta. Alƙalin dattijo ne mai taka-tsantsan, ya ce ba zai yanke ba sai ya ji yadda al'adar wurin take. Mai unguwa ya gaya masa akwai wani malamin jami'a da ke bin wannan zance, sai ya aiko wa Malam cewa yana son jin abin da ya gano, cikin goman ƙarshe na azumi.

To, a lokacin abin da Malam ya gano bai taka kara ya karya ba. Sun fara fita shi da abokin aikinsa Malam Idi, sun sha farin kaftani da takalmi sau-ciki, ga jaka, ga rakoda a rataye, suka riƙa tsayawa a bakin gona suna tambayar mutane wannan itacen na wane ne. Wa zai amsa? Wasu suka ɗauka ma'aikatan filaye ne, wasu suka ce 'yan siyasa ne. Duk wanda aka tambaya sai ya ce itace ai na Allah ne, ya duƙa ya ci gaba da nomansa. Sai da mai unguwa ya ji tausayinsu ya ce musu, "Malamai, ba a yi wa manomi tambaya daga kan hanya. Gobe akwai gayya a gonar liman. Ku cire rigunan nan ku zo."

Haka aka yi. Da an idar da sallar asuba Malam zai sa wata tsohuwar taguwa, ya ɗaure hauyar aro a bayan babur. Lokacin maimai ne, wato noma na biyu, ciyawa ta tashi da ƙarfinta. Gayyar azumi kuwa ba irin wadda aka sani ba ce, babu kiɗa, babu fura a gindin itace, noma ne kawai da bushewar maƙogwaro har rana ta take. Mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi alli nauyi ba, ranar farko ya dawo tafin hannunsa duk ya yi bororo, leɓensa ya yi fari, ya kwanta a kan siminti bai ko iya amsa sannu ba. Na dafa ruwa na gasa masa hannu ina faɗa.

"Wannan wace irin shari'a ce da sai an kashe kai?"

Kashegari ya sake ɗaure hauyar.

Manoman sun yi masa dariya a can, an ce in ya bi kunya yana noma sai ka rantse maciji ne ya wuce. Amma da suka ga bai fasa zuwa ba, baki ya buɗe. In an tashi aka zauna a inuwa ana jiran azahar, dattawan da kansu suke nuna masa, waccan kukar ta wance ce, waccan tsamiyar an ba wance ranar rabon gado, ga yadda mai itace ke shiga gonar wani ba a hana ta, ga yadda take kiyaye shukar mai gona. Shi kuma ba ya ɗaukar maganar mutum ɗaya. Abin da ya ji a Tarauni sai ya je ya tambaya a Daurawa, ya sake tambaya a Babban Giji, ya dawo ya buɗe littattafan fiƙihu da na turawa yana gwadawa.

Saura mata, su ne masu itatuwan, kuma ba ya iya shiga gidajensu. Sai ya ce, "Rabi, makaranta tana hutu. Ki taimake ni." Na goya ƙaramin, na saɓa rakoda. Ni ma ban tsaya daga bakin ƙofa ba. In na shiga na tarar ana surfe, in karɓi taɓarya, in ana tsinkar zogale in zauna a yi da ni, hira tana tafiya kaset yana juyawa. Batir ma wahala yake, sai mu shanya tsofaffin a rana su ɗan farfaɗo. Nakan dawo bayan la'asar ƙafafuna duk taɓo, kaina yana sarawa, sannan in kama kunu. Wallahi na wahala, amma na ji daɗin aikin nan. Tsofaffin da ba wanda ya taɓa tambayarsu komai, sai ga su suna gyara zama suna cewa, "Ki gaya wa mijin naki ya rubuta da kyau."

Magana ta fito fes, maza da mata bakinsu ɗaya. Itacen da aka ba mace a rabon gado nata ne, ko gona ta sauya hannu sau nawa. Sai dai akwai ragowar magana, ita ma bakinsu ɗaya a kanta. Itacen da ya tsiro da kansa bayan an riga an raba, na mai gona ne, ko da daga 'ya'yan itacen wani ya faɗo.

Nan gizo ke saƙar, domin biyu ne kawai daga ɗorawar Inna Hajjo suke tsaye ranar da aka raba gadon. Ta ukun daga baya ta tsiro. Inna ce ta gan ta tana 'yar ƙarama, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ta yi ta ɗawainiya da ita har ta girma, wanta bai taɓa ce mata uffan ba. Kuma a lokacin manyan biyun sun fara tsufa, ƙaramar ce ta fi su 'ya'ya nesa ba kusa ba.

Inna ta san abin da matan suka gaya mini, ai garin ba shi da girma. Ana saura 'yan kwanaki a zauna a kotu, ta zo da yamma cikin yayyafi, mayafinta sharkaf. Ba ta shigo wurina ba, ta ce a kira mata Malam zaure. Ina tsaye daga bakin ƙofa.

"Ɗan nan," ta ce, "ban ce ka yi ƙarya ba, muna cikin azumi. Ka faɗi na manyan, ka yi shiru a kan ƙaramar. Alhaji baƙo ne, bai san wacce ta riga wacce ba."

Malam ya ɗago kai ya dube ta.

"Inna, alƙali bai kira ni don in tsaya miki ba, bai kira ni don in tsaya wa Alhaji ba. Ya ce in gaya masa al'ada. In na ba shi rabi na ɓoye rabi, ba al'ada na ba shi ba."

"Ni na raine ta. Da hannun nan."

"Na sani, Inna. Zan faɗi wannan ma."

"Marayun nan da ita suke ci."

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta fita cikin ruwan ba sallama.

Ba zan ɓoye ba, ran nan na ji haushinsa har wuya. Na dire masa kwanon kunu sai da ya fantsala. Na ce, "Kai dai Malam da littafi aka haife ka. Mutum mai gidaje da motoci, me ɗorawa ɗaya za ta ƙara masa?" Ya ce, "Babu." Ya ɗauki ludayi ya kasa sha. Shi ma ran nan bai ci abin kirki ba, na tarar da ɗumamensa da asuba kusan yadda na ajiye.

Ranar zaman na bar yara wurin maƙwabciya na tafi. Kotun ɗaki ne guda mai rufin kwano, ya cika da mutane, ga warin jiƙaƙƙun kaya, kowa baki a bushe. Inna tana gefe ɗaya, ko kallona ba ta yi ba. Dattawan da Malam ya yi noma da su sun zo da kansu sun jeru a kan benci. Da aka kira shi ya miƙe, ya rame, ya yi baƙi, hannunsa duk kanta. Ya fara magana a hankali, ba Turanci ko kalma ɗaya. Ya bayyana yadda ake rabon, da inda ya ji, da waɗanda suka gaya masa, da inda aka ɗan saɓa tsakanin unguwa da unguwa. Ya ce a shari'a gaskiya ne cinikin ƙasa yana tafiya da itatuwan cikinta, amma itatuwan mai ƙasar, domin mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba. Sannan ya nemi izini ya kunna muryoyin matan.

Wakilin Alhaji ya ce kaset ba shaida ba ce. Alƙali ya ce, "Shaidu ga su nan a kan benci. Wannan al'ada nake saurare." Ana cikin haka ruwa ya ɓarke a kan kwano, sai da alƙali ya sa aka kawo rakodar gabansa ya kara kunne. Ina jin muryata a ciki ina tambaya, ga ƙarar taɓarya, ga kukan ɗana.

Da aka kashe, alƙali bai ma tambaya ba, Malam da kansa ya ce akwai saura. Ya faɗi hukuncin itacen da ya tsiro bayan rabo. Ya ce ɗorawa ta uku irin wannan ce. Ya faɗi yadda Inna ta raine ta, bai rage komai ba, har ya ce in Alhaji zai bar mata don Allah, zai samu lada. Alhajin da kansa sai da ya juyo ya dube shi, domin ya zo ne da shirin jin mai gaba da shi. Amma Alhajin ya ce ba zai bar mata ba, daidai inda itacen yake ƙofar gidansa za ta kasance.

Alƙali ya yanke. Manyan biyu na Inna Hajjo ne, ba mai taɓa su, kuma dole a bar mata hanyar zuwa gare su ko an yi gini. Ta ukun ta Alhaji ce.

Ina zaune a wurin nan, ga tausayin tsohuwa yana cina, ga shi kuma ƙirjina ya cika da wani abu da ban taɓa ji game da mijina ba. Alfahari ne, ba wani suna gare shi ba. Na ga mutane suna kallonsa, masu murna da masu fushi, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ke shakkar abin da ya faɗa.

Aka yi salla, gero ya nuna, yara suka ci tumu har suka ture. Da aka cire amfani aka sare ƙaramar ɗorawar, mun ji labari. Katangar Alhaji kuwa sai da ta karkace ta bar manyan biyun a waje. Inna ta ɗauke ƙafa daga gidanmu. Na koma sayen daddawar kasuwa, miyata ta daina daɗi, Malam bai taɓa yin magana ba.

Abin da ya tattara a daminar nan shi ya zama rubutunsa na farko. Daga baya aka riƙa gayyatarsa tarukan alƙalai yana bayani, aka sa shi cikin abin da ake koya wa ɗalibai, ya zama farfesa, ɗalibansa yau wasu manyan alƙalai ne masu direba. Masu bincike na yanzu suna zuwa gaishe shi da 'yar waya a hannu, wai ita ke ɗaukar magana ta rubuta. Yana nan zaune yanzu haka da gemunsa fari fat, kunne ya yi nauyi, in na ce masa ina ba da labarin ɗorawa sai ya ce in bar tone-tone.

Amma ni ba takardun ne suka fi zama mini a rai ba. Bayan farar hula sun hau, da bazara ta zo, zafi ya kai inda ya kai, ɗorawa ta nuna, wata rana da hantsi aka yi sallama a zaure. Na leƙa, sai ga Inna Hajjo, ta ƙara tsufa, tare da wata mata 'yar Daurawa da ban sani ba. Ta ce a kira mata Malam. Ya fito da sauri ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a gajarce. Ashe matar kuka gare ta a wata gonar da aka sayar, ita ma an aiko mata za a sare.

Inna ta nuna shi da haɓa.

"Ga shi nan. Shi ne ya sa aka sare mini ɗorawa."

Malam ya sunkuyar da kai. Matar ta dubi Inna, ta dubi ƙofa, kamar za ta juya. Inna ta riƙo hannunta ta zaunar da ita.

"Zauna ki gaya masa komai, kada ki rage. Abin da yake naki zai faɗa a gaban ko wane ne, kuma za a yarda. Abin da ba naki ba kuwa, kada ma ki ɓata bakinki. Ni na roƙe shi."